Katin inshorar lafiya yana hannu, amma magani ya gagara: ina gizo yake saƙa?

Maman Ikilima:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san yadda inshorar lafiya ta gwamnati take aiki. Ƙanwata mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuma sunanta ya fito cikin masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati take biya wa kuɗin inshora. Ranar da ta karɓi katin, sai da ta naɗe shi a leda ta adana shi tare da takardun haihuwar yaran, saboda ta ɗauka zullumin kuɗin asibiti ya ƙare ke nan.

Watanni kaɗan bayan haka autanta ya kamu da ciwon sanyin haƙarƙari, numfashinsa yana sama-sama, ta goya shi zuwa asibitin da aka rubuta mata a katin. Likita ya duba shi ba a karɓi ko sisi ba. Amma da ta isa tagar ba da magani, mai ba da maganin ya ja layi a ƙarƙashin biyu daga cikin magunguna ukun da aka rubuta, ya ce babu su, sai dai ta saya a waje. Hoton ƙirji kuma aka ce na'urar ta lalace. Kafin yaron ya miƙe, ta sayar da keken ɗinkin da take ciyar da su da shi. Shin laifin tsarin ne ko na asibitin? Kuma akwai ƙasar da ta shawo kan irin wannan matsala?

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya jiƙan mahaifinsa. Na yi shekaru ina aikin akawu a wani asibiti da yake karɓar masu katin inshora, saboda haka na ga wannan abu daga bayan taga.

Hukumar inshora takan biya asibiti ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ta ba shi ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo jinya ko bai zo ba, ko kuma asibitin ya yi aikin tukuna, sannan ya aika takardun neman biya. A hanya ta farko, idan kuɗin da aka yanka ya yi shekaru ba a sake duba shi ba alhali tsadar magani tana hawa, asibiti yakan fara tsuke hannu. A ta biyu kuwa, jinkiri ne yake kashe komai. Na sha ɗaure takardun neman biya na wata guda, in aika, in sake ɗaure na watan da ya biyo baya, na farkon bai dawo da kuɗi ba. Dillalin da yake kawo mana magani bashi yakan yi haƙuri sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya daina zuwa. Mai ba da maganin da ya ja wa ƙanwarki layi, mai yiwuwa shi ma kantar da take bayansa wayam take.

Gana ta kafa tsarin inshorarta da dokar 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka domin ciyar da shi, kuma daga 2008 ta ɗauke wa mata masu juna biyu biyan kuɗi. Duk da haka asibitocinta sun sha kokawa da bashin watanni, har wasu suna barazanar komawa karɓar kuɗi a hannu.

Shawarata ita ce ƙanwarki ta nemi jerin magungunan da katinta ya ƙunsa, ta riƙa adana kowane rasit, sannan ta kai ƙorafi a rubuce ga ofishin inshorar, domin a wasu tsare-tsaren doka ta ɗora wa asibiti nauyin samo maganin ko mayar da kuɗin.

Dakta Rakiya:

Bayanin Malam Habibu daidai ne, sai dai ina ganin tushen ya fi jinkirin biya zurfi. Raba kati abu ne mai sauƙi, kuma yana daɗi a rahoton ƙarshen shekara, amma kati ba ya gina ɗakin haihuwa, ba ya horar da ungozoma.

Yaya, kin tambayi ƙasar da ta yi nasara, kuma wadda aka fi kafa misali da ita ita ce Tailan. A 2002 ta shimfiɗa tsarin da ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na al'ummarta, wato duk wanda ba ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba, inda a lokacin majinyaci yake biyan baht 30 kawai na kuɗin ƙasar, matalauta kuma ba sa biyan ko wannan. Abu biyu ne suka riƙe tsarin. Kuɗinsa daga harajin ƙasa yake fitowa, ba a tsaya jiran manomi da mai talla su riƙa zuba gudummawa kowace shekara ba. Na biyu, wanda mutane suke yawan mantawa, tun shekarun 1970 ƙasar take gina asibitoci a gundumomi, tana kuma wajabta wa sababbin likitoci yin aiki a karkara. Lokacin da katin ya zo, ya tarar da gado da likita suna jiransa.

Akwai kuma batun abin da inshorar ta ƙunsa. Tsarin da Indiya ta ƙaddamar a 2018 yana biya wa iyalin talaka har rupi 500,000 a shekara, amma na jinyar kwanciya a asibiti ne. Mai hawan jini ko ciwon suga, wanda kuɗinsa yake tsiyayewa a hankali wajen sayen ƙwaya da gwajin jini kowane wata, ba can ciwonsa yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum biliyan 1 sun kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na kasafin gidansu a kan jinya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Wannan giɓin ne ƙanwarki ta cike da kekenta, kuma abin yana yi mini ciwo.

Baba Ɗanjuma:

'Yata, ina gudun kada wani ya karanta wannan ya ce inshorar ba ta da amfani, ya ƙi yin rajista. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta raba guraben Medicaid, wato inshorar masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965, ta hanyar ƙuri'a, saboda masu nema sun fi guraben yawa. Masu bincike suka bi waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba. Bayan kimanin shekara biyu ba a ga bambanci mai ƙarfi a awon hawan jini ba, amma masu katin sun fi zuwa ganin likita, bashin asibiti ya ragu a kansu, ciwon damuwa ma ya ragu sosai.

Can ɗin ma wasu likitoci ba sa karɓar masu Medicaid, saboda abin da take biya bai kai na sauran inshora ba. Sannan babu katin da yake biyan kuɗin mota, ko yinin aikin da uwa ta rasa tana zaune a layi. Ki tuna wa ƙanwarki ta duba ranar da katin zai ƙare, domin iyalai da yawa a wajen sabuntawa suke faɗuwa, ba su sani ba sai ranar da ciwo ya tashi.

Maman Ikilima:

Na gode muku ƙwarai. Baba, na kira ta ta duba, ashe saura wata biyu katin ya ƙare, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata ana sabuntawa. Rasit biyu suna nan, na hoton ƙirjin ne ya ɓata. Malam Habibu, idan muka koma wurin da aka ɗauki hoton suka sake rubuta mana wani da kwanan watan farko, ofishin inshora yakan karɓi irin wannan?