Mece ce ma'anar EI 60 a kan gilashin ƙofar matakala?

Mai gini a Tumfure:
Assalamu alaikum. Ina gina bene a Tumfure, nan Gombe, ƙasa shaguna, sama kuma azuzuwan yara. Mai zanen ginin ya rubuta cewa ƙofar da ke shiga matakala sai an sa mata gilashi mai lambar EI 60, amma da na je wurin mai sayar da gilashi sai ya nuna mini mai taurin nan da ake sa wa ƙofofin kantuna, ya ce mai kauri mili 12 zai wadatar. Da yake matakalar ita kaɗai ce hanyar saukar yaran, hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon masana su fayyace mini.

Injiniya daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi daidai da ka dakata. Lambar ta fito ne daga ƙa'idar Turai mai suna EN 13501-2, wadda ta kasa irin wannan gilashi gida uku. Harafin E yana nufin gilashin zai tsaya bai bari harshen wuta da iska mai zafi sun ratsa ba, sai dai zafin yana wucewa. EW yana ƙara rage hucin da ke bugo mutum, ta yadda a tazarar mita ɗaya ba zai haura kilowat 15 a kowace murabba'in mita ba. EI shi ne mafi tsauri, domin fuskar da ba ta kallon wuta ba a yarda matsakaicin zafinta ya ƙaru da fiye da digiri 140 ba, kuma babu wani gurbi da zai ƙaru da fiye da 180. Adadin 60 mintuna ne da ya jure a tanderun gwaji, inda zafi ke kaiwa kusan digiri 945 cikin awa guda.

Wanda aka nuna maka an yi shi ne domin idan ya fashe ya zama tsaki-tsaki, kada ya yanki mutum, ba domin gobara ba, kuma kauri ba ya canza wannan. Na EI falle-falle ne, da wani sinadari a tsakani wanda idan ya ji wuta yake kumbura ya yi fari, ya tare zafin. A hanyar da yara za su bi a guje, ni ba zan sa hannu a kan ƙasa da abin da mai zanen ya rubuta ba.

Mai haɗa tagogi a Jekadafari:
Injiniya ya gama magana a kan gilashin, ni kuma zan ƙara da firam. Takardar gwaji ba ta gilashi kaɗai ba ce, ta haɗa da firam da abin toshe gefe da iyakar girman da aka gwada. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660, saboda haka idan aka ɗora gilashin kirki a kan firam ɗin da muke yi wa gidaje, sai ya zube tun lokacin bai cika ba. Alhaji, ka nemi takardar shaida, sannan ka duba hatimin da ke kusurwar kowane falle. Idan gilashin ya iso, kada a jingine shi a rana ko inda damina za ta taɓa shi, kuma kada leburori su ɓare tef ɗin da ke gefensa, domin shi ke hana danshi lalata sinadarin.

Mai gini a Tumfure:
Allah ya saka muku da alheri. Na dakatar da odar, kuma gobe in Allah ya yarda zan koma wurin mai zanen domin ya rubuta mini ƙofar da firam ɗinta a matsayin abu guda, tare da ainihin awon da za a aika wa masu kawowa.