Kewar gida ta hana ni jin daɗin Sallah a Gambiya: ko wannan butulci ne?

Malamin Lissafi, ɗan Argungu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Wata takwas ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Farafenni, ƙasar Gambiya, ƙarƙashin shirin Technical Aid Corps, wanda gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa a 1987 domin tura masu aikin sa kai zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu. Wannan ce Babbar Sallah ta farko da ta riske ni ba a gidanmu ba.

Mutanen nan ba su rage ni da komai ba. Ranar Sallah, wadda suke kira Tobaski, dattijon da nake haya a gidansa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa tun da sassafe, muka tafi filin idi tare da 'ya'yansa. Da aka yanka ragonsa ya aiko mini da cinya guda, alhali a kan idona ya yi ta fama kafin ya haɗa kuɗin ragon, domin akasarin raguna daga Senegal da Mali ake shigo da su, kuma tsadarsu ba kaɗan ba ce. Matarsa kuma ta cika mini kwano da benacin, wato shinkafa dafa-duka irin tasu.

Ina shirin sa hannu sai ƙanena ya kira ni ta bidiyo. Gida suna gabanmu da awa ɗaya, saboda haka su har an feɗe rago, kuma ƙanen nawa ne ya riƙe wa Baba ƙafafun ragon, aikin da nake yi tun ina ɗan shekara 12. Na hango Hajiya a bakin murhu tana juya nama a babban kasko, ɗana yana sanye da sabon kaftanin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Muna gama magana na rufe ƙofa, ban sake fitowa ba sai bayan La'asar, abincin kuwa ko taɓa shi ban yi ba.

Tun daga ranar nake jin kunyar kaina. Allah ya zaɓe ni cikin dubban masu nema, ya haɗa ni da mutanen kirki, amma zuciyata tana gida Argungu, bakin kogin Matan Fada. Shin wannan ba butulci ba ne? Kuma waɗanda suka taɓa irin wannan zama, yaya kuka yi da Sallah ta biyu?

Dattijo Mai Ritaya, Gwandu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka, waɗanda suka fi ka imani sun yi kewar gida. Ya tabbata a cikin Bukhari, daga Nana A'isha, cewa da aka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Idan zazzaɓin ya sassauta wa Bilal sai ya ɗaga murya yana rera baitoci, yana burin ya sake kwana a kwarin Makka a tsakiyar ciyayinta, ya sake shan ruwan Majanna, ya sake hango duwatsun Shama da Ɗafil. Makkar nan fa ita ce inda aka riƙa kwantar da shi a kan rairayi mai zafi, Madina kuwa ita ce inda Ansar suka raba dukiyarsu da masu hijira. Da labari ya kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce Bilal ya butulce ba. Addu'a ya yi, ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye da haka. Wannan addu'ar nake so ka riƙa yi wa kanka da garin da kake. Da a ce ka kalli mahaifinka ya tsufa, wani ya tsaya a gurbinka, ba ka ji komai ba, da a nan ne zan damu da kai.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:

Yayana, ni a Jamaika na yi nawa zaman, inda Musulmi ƙalilan ne kuma Sallah ba ranar hutu ba ce. Sallata ta farko a ɗakin marasa lafiya na yi ta ina wanke gyambo, kuma da yake gida suna gabanmu da awa shida, kafin in tashi daga aiki mutanen Gusau sun yi barci. Abin da ya fi taɓa ni ma ba a Sallah ya faru ba, a Kirsimeti ne. Wata abokiyar aikina ta gayyace ni gidansu, ta miƙo mini jan abin sha da suke kira sorel, ta tabbatar mini ba ta zuba giya a nawa ba. Ina kurɓa na ji zoɓo ne da citta, irin wanda Innarmu take ƙullawa a leda lokacin azumi. Hawaye suka zubo mini a gaban mutane, kuma har yau ba na iya rabe na kewa da na godiya a cikinsu.

Kai kuwa kana cikin gata. Zoɓo yana nan a Gambiya, wonjo suke ce masa, garin kuka ma suna da shi, ka tambayi lalo a kasuwa. Idan wani zai zo daga gida ka sa a aiko maka da daddawa da yaji. Ranar da ka tuƙa tuwon shinkafa da hannunka, kada ka ci kai kaɗai.

Uwargida, Jega:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin maigidana ya yi shekara biyu a waje, na san abin daga ɓangaren waɗanda aka bari. Kewar ba laifi ba ce, amma rufe ƙofar nan ban ji daɗinta ba. Mutumin da ya cire cinya daga ragon da ya sha wahala kafin ya saya, ya kamata ya ga fuskarka a zaurensa ranar nan, kuma ina tabbatar maka matarsa ta lura kwanonta ya daɗe bai dawo ba. A al'adarmu ba a mayar da kwano wayam. Haka kuma Hajiya tana karanta fuskarka a waya fiye da yadda kake zato, idan ta ga ka rame a ranar Sallah, kai za ka yi barci ita ba za ta yi ba. Baɗi idan Allah ya kai mu, ka wakilta ƙanenka ya yanka maka layyarka a Argungu, ka kira gida da safe ku gaisa, sannan ka ajiye wayar ka fita yawon Sallah da mutanen da kake tare da su.

Malamin Lissafi, ɗan Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba na Gwandu, na riƙe addu'ar. Hajiya ta Jega, maganarki gaskiya ce, kwanon yana ɗakina har yanzu domin kunya ta hana ni mayarwa. Yau na samo lalo a kasuwa, gobe Juma'a in sha Allah zan kaɗa miya in zuba a ciki in kai musu da kaina. Sai dai ban taɓa kaɗa miyar kuka ba, ina roƙon 'yar uwata ta Gusau ta bayyana mini yadda ake yi kada ta yi gudaji.