"Na tsira": maganar da ta hargitsa zauren 'yan ajinmu na makarantar jinya

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taya ni murna. Na samu aiki a layin 111, layin wayar neman shawarar lafiya na NHS, hukumar lafiyar gwamnati nan Ingila, kuma daga gida zan riƙa yi, ni da kwamfuta da waya. Wallahi na tsira. Tsayuwar awa 12 a ɗakin tsofaffi, ɗaga wannan, juya wancan, ta gama da bayana. Abin da ya ƙona min rai, da na kai takardar ajiye aiki sai shugabar ɗakinmu ta ce wai na bar jinya na koma amsa waya. Ni kuwa na ce wannan ma jinya ce cikakkiya, har ta fi ta bakin gado cin ƙwaƙwalwa.

Anti Matron: Allah ya sanya alheri. Amma "na tsira"? Daga me kika tsira, ƙanwata? Marasa lafiyan da kika yi rantsuwa a kansu ranar da aka saka miki hula, annoba ne?

Maman Ilham: Anti, ba haka nake nufi ba. Bari ki ji yadda aikin yake. Mai kira zai fara magana da ma'aikacin da ba nas ba ne, in abin ya fi ƙarfinsa a miƙo min. Ba na ganin fuskar mutum, ba na taɓa jijiyar hannunsa. Daga muryarsa da yadda yake jan numfashi da amsoshinsa zan gane ciwon ƙirjin nan ƙwannafi ne ko zuciya ce, in ce ya je kantin magani, ko ya ga likita gobe, ko a tura masa motar asibiti yanzun nan. In na yi kuskure lasisina ne ke cikin haɗari.

Anti Matron: Ban tambaye ki aikin ba. Kalmar nake tambaya.

Malam na Tiyata: Anti, da girmanki, ita ma kalmar tana da gurbi. Wanda ya kwana shi kaɗai da ɗaki cike da majinyata, wuta ta ɗauke, yana neman jijiya da fitilar waya, in ya fita ya ce ya tsira ai bai yi saɓo ba.

Ungozoma: Ku maza me kuka sani? Ku kuna tiyata, majinyacinku ma barci yake yi. Ku zo ɗakin haihuwa ku ga tsayuwa.

Malam na Tiyata: Hajiya, in mace ta kasa haihuwa a wurinku wa kuke kawo wa?

Ungozoma: Likita muke kai wa, ba kai ba.

Maman Sadiq: Ni dai na ji an ce masu aiki daga gida lasisinsu mutuwa yake yi, tunda ba sa taɓa majinyaci.

Maman Ilham: Wa ya faɗa miki? Hukumar NMC, mai rajistar nas-nas da ungozomomi a Birtaniya, duk shekara 3 take sabunta rajista, tana neman awa 450 na aiki, kuma aikin da ake yi a matsayin nas ta waya yana cikin lissafi.

Maman Sadiq: Wata ce ta ce min, kuma ita ma a can take.

Anti Matron: Ku da kuka tafi sauƙin magana gare ku. Kin tsira sau biyu kenan, daga mu sannan daga gado. Mu da muka tsaya mu ne muka yi yajin aikin gargaɗi na NANNM, ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, a 2025 a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Ba mu ji muryar kowa daga Ingila ba.

Sista Ƙarama: Anti, ai tsayawar wasunmu ba zaɓi ba ce. A 2024 NMCN, hukumar rajistar nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, ta fito da sharaɗin sai ka yi shekara 2 kana aiki kafin a tantance maka takardun fita. Da yawanmu a lokacin muka maƙale.

Anti Matron: Ke yaushe ma kika fito daga makaranta da za ki sa baki?

Sista Ƙarama: Allah ya ba ki haƙuri, Anti. Yaya Maman Ilham, don Allah kwas na musamman ake yi kafin a samu irin wannan aikin?

Ungozoma: Malam, har yanzu ina jiran ka janye maganarka.

Admin: To ya isa haka. Ga abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda kalmar "tsira" ba ta dace da bakin nas ba, kuma Anti Matron, wadda ta koya wa yawancinmu yin allura, ta yi daidai da ta ja kunne. Jinya ta asali a bakin gado take, aikin waya taimako ne. Maman Ilham, ki ba Anti haƙuri. Malam da Hajiya ku ƙarasa a gefe. Na rufe zauren sai bayan la'asar.