Kala, launi ko rini? Sunan abin da ake zuba wa abincinmu

1/ Goggona tana sana'ar zoɓo da ƙanƙarar leda. Ran nan na zauna ina ba ta labarin cewa Amurka ta haramta wani jan sinadari da ake sa wa alawa da kek, sai ta tare ni: "Ɗan nan, kala kake nufi? Ai kala ba ta da laifi, ado ce." Na yi shiru, domin da kalmar da ta kira shi da ita, gaskiyarta. Wa zai ji tsoron kala? Tun ranar nake juya maganar, kuma ina so mu tsayar da suna ɗaya.

2/ Ga abin da ya faru. Ranar 15 ga Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta soke izinin Ja mai lamba 3, wanda a Turai ake rubuta shi E127 a jikin kwali. An ba kamfanonin abinci zuwa Janairun 2027 su daina. Tun 1990 hukumar ta hana sa shi a kayan kwalliya, bayan an ga ya haddasa ciwon daji a maƙogwaron ɓeraye maza da aka ɗura wa shi da yawa, amma aka bar shi a abinci shekara talatin da biyar. Don a yi adalci: ita kanta FDA ta ce hanyar da yake bi ya cutar da ɓera ba ta aiki haka a jikin mutum. Dokarsu ce ta ce duk abin da aka tabbatar yana sa dabba ko mutum ciwon daji, ba a zuba shi a abinci.

3/ "Kala" ita ce kalmar kasuwa, ban musa ba. Ka je wurin masu kayan kek ka ce a ba ka kala da fulebo, ba wanda zai sake tambayarka. Matsalarta, kala abin da ido ke gani ce. Riga tana da kala, mota tana da kala. Ba ta gaya wa mai saye cewa akwai wani gari ko ruwa da aka auna aka zuba, wanda zai bi maƙogwaro ya sauka ciki. "Launi" ma haka, sai dai ta fi tsabtar Hausa. Mangwaro yana da launi, kuma ba wanda ya zuba masa.

4/ Ni dai na tsaya a kan RININ ABINCI.

Bahaushe ya san rini ciki da bai. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda farin ƙyalle ke shiga ruwan baba ya fito shuɗi, ya san rini aiki ne da hannun mutum ya yi, ya canza wa abu kamannin da aka halicce shi da su. Kuma tarihin waɗannan sinadarai ma daga rinin tufafi ya faro. A 1856 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 18, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro daga kwaltar da ke fita a jikin kwal, sai ya samu rini mai ruwan hoda da shuɗi a haɗe. Daga wannan gidan rinukan masana'anta suka fito, har wasu suka tsallaka daga masaƙa zuwa tukunya. Yau galibinsu daga ɗanyen man fetur ake sarrafa su.

Na koma na ce wa Goggo, "Goggo, rini ne fa, ɗan'uwan na marina." Ta ajiye ludayi ta ce, "Rini kuma? A cikin cikin 'ya'yan mutane?" Kalma ɗaya ta yi abin da dogon bayanina ya kasa.

5/ Wani malamina ya ja hankalina, kuma na karɓa. Ya ce, "Kai, kada ka haɗa mai laifi da marar laifi. Jan zoɓo ma ai rini ne." Gaskiya ne, Malam. Gangamau yana rina shinkafa, manja yana rina miya, kakanninmu sun ci sun rayu. Saboda haka a raba: RININ TSIRO ga wanda aka samo daga ganye, saiwa ko fure, RININ FETUR ga wanda aka haɗa a masana'anta. Na san wani zai ce "rinin fetur" ya yi tsauri, kamar ana cewa an tsiyaya mai a lemo. Ba haka ba ne, an tace shi an sarrafa shi, kuma da yawansu hukumomi sun halatta su a kan ƙayyadadden awo. Amma asalinsa ke nan, kuma su kansu jami'an Amurka da wannan suna suka kira shi a Afrilun 2025, lokacin da sakataren lafiya Robert F. Kennedy ƙarami ya nemi kamfanoni su janye wasu guda shida, har da Ja mai lamba 40 da Rawaya mai lamba 5 da 6. Wanda ya ga ya yi masa nauyi ya ce "rinin masana'anta". Ma'anar ɗaya ce.

6/ Abin da ya fi damuna shi ne yara, don su ne masu shan jan lemo da koriyar alawa. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila sun ba yara abin sha mai haɗin wasu rinuka shida da wani sinadarin hana lalacewa, suka ga ƙiriniya da rashin natsuwa sun ƙaru a wasunsu. Ba kowane yaro ba, kuma ba a ware wane rini ne ya fi laifi ba. Duk da haka, tun 2010 Tarayyar Turai ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Da za a rubuta shi da Hausa, wanne uwa za ta fi tsayawa ta karanta: "akwai kala a ciki", ko "akwai rinin fetur a ciki, yana iya shafar natsuwar yaro"?

7/ Akwai kuma tsohuwar kalmarmu, galura, wasu su ce garura. Da farko ita na so mu ɗauka, tunda dama sunan rinin kanti ne na fata da tabarma. Sai na ga ta fi dacewa da wani wuri dabam. Akwai jan rinin da ake kira Sudan IV, na man takalmi da roba da kakin zuma, wanda ba a yarda a ci shi ba sam. Marasa tsoron Allah suna zuba shi a manja don ya yi ja wur ya ja ido. Hukumar abinci ta Gana ta gano shi a manjan kasuwannin Akara a 2015, takwararta ta Najeriya, NAFDAC, ma ta sha yin gargaɗi a kan rinannen manja. Wannan ba rinin abinci ba ne. Galura ce aka zuba, kuma aikin sunansa algus. Idan muka kira shi kala, mun wanke ha'inci.

8/ Saura babban gidan, wato duk abin da ake ƙara wa abinci don ya daɗe, ko ya kumbura, ko ya yi zaƙi, kamar buromet ɗin da NAFDAC ta haramta a burodi tun zamanin Dora Akunyili, da sakarin, da farin magi. "Sinadari" kaɗai ta gaji, komai an ɗora mata, daga gishiri har taki. "Sinadarin ƙari" ba ta zauna min ba, don ƙari a bakin Bahaushe ko gyara ne daga mai awo, ko ciwo ne da ya tsiro a jiki. Ina ganin SINADARAN GAMI, tunda abu mai gami kowa ya san ba tsantsa ba ne. Rinin abinci sai ya zama ɗaki ɗaya a cikin wannan gida.

9/ Masu sana'ar zoɓo, kunun aya, yogot da kek, ku kuka fi mu taɓa waɗannan abubuwa da hannu. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, idan akwai sunan da kuke kiransu da shi wanda bai iso mu ba, ku kawo. Goggo dai ta koma ƙara yawan zoɓon da take jiƙawa, ta ce jan da ya ba ta ya ishe ta.