Takardar ƙorafi daga maƙwabciya a Jamus: ƙiyayya ce ko al'ada?

Sabon Baƙo a Stuttgart:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Jamus. Ni da iyalina ba mu daɗe da tarewa a wani gidan haya mai hawa huɗu a birnin Stuttgart ba, inda na zo karatu. Ranar Lahadin da ta wuce wasu 'yan'uwa suka zo yi mana barka da sauka, aka ci abinci, hira ta yi daɗi har muka wuce ƙarfe goma na dare. Washegari muka tarar da takarda a akwatin wasiƙunmu daga dattijuwar da ke zaune a ƙasanmu, tana ƙorafi a kan surutun dare, da kunna injin wanki ranar Lahadi, da kuma rashin share matakala a makon da ta ce namu ne. Abin da ya fi damuna shi ne mun haɗu da ita a bakin ƙofa da safiyar nan, ta amsa gaisuwata, amma ba ta tayar da maganar ba. A wurinmu, ba a rubuta wa maƙwabci takarda sai zama ya ɓaci. Shin wannan alamar ba ta son zama da mu ce, ko kuwa haka al'adarsu take? Kuma ta yaya ya kamata in amsa mata?

Dattijo daga Hamburg:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, domin Jamusawa suna rubuta wa junansu irin wannan takarda, kuma a ganin da yawansu rubutu ya fi tare mutum a matakala ladabi, tunda yana ba shi damar gyarawa ba tare da an kunyata shi a gaban kowa ba.

Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauko yarjejeniyar hayarka ka nemo shafin dokokin gidan, wanda suke kira Hausordnung, ka sa a karanta maka shi dalla-dalla idan Jamusancinka bai kai ba. Kusan ko'ina a ƙasar nan, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, wasu gidajen ma suna ƙara wani lokacin hutun da tsakar rana. Lahadi kuwa tana da matsayi na musamman, don tsarin mulkin ƙasar ya ba ta kariya a matsayin ranar hutu, ta hanyar wani sashe da aka gada daga tsohon kundin tsarin mulkin ƙasar na 1919. Shi ya sa za ka ga kantuna a rufe, in ban da na tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama da gidajen mai da wasu gidajen burodi, kuma shi ya sa ba a huda bango ko yanke ciyawa da inji ko zuba kwalabe a mazubinsu na unguwa a ranar.

Batun shara kuma, ka sauka a cibiyarsa. Yankin da kake ciki ya shahara a duk faɗin Jamus da abin da suke kira Kehrwoche, wato makon shara, wanda ake danganta asalinsa da dokar birnin Stuttgart ta 1492. Kowane magidanci yana da makonsa na share matakala da gogewa, wani lokaci har da bakin titi da kwashe dusar ƙanƙara a lokacin sanyi, kuma a gidaje da yawa akwai ɗan allo da ake rataya wa mai makon a ƙofarsa. Dattawan wurin suna auna mutuncin maƙwabci da wannan aikin kamar yadda muke auna shi da zuwa suna da jana'iza. Idan ka riƙe makonka da kyau, rabin matsalarka ta ƙare.

Hajiya daga Bonn:

Malam ya yi bayanin dokoki, ni kuma zan yi magana a kan yadda za ka tunkare ta. Kada ka mayar mata da takarda, kuma kada ka tura wani ya yi maka biko. Ka danna mata ƙararrawa da yamma a ranar aiki, kai da maiɗakinka, ku gabatar da kanku, ka kira ta da sunan danginta tare da Frau, wato Malama, ka yi amfani da Sie, wato kalmar “ku” ta girmamawa a Jamusanci, har sai ita da kanta ta ba ka izinin sauƙaƙawa. Ka taƙaita gaisuwa, ka kalle ta a ido, domin sunkuyar da kan da muke yi wa babba don girmamawa su suna iya ɗaukarsa rashin gaskiya. Ka ce ka ga takardarta, ka roƙe ta ta nuna maka yadda ake makon sharar. Yawancin dattawansu suna jin daɗin a tambaye su.

Kada kuma ku daina karɓar baƙi saboda wannan. Abin da suke yi idan za su yi taro shi ne su manna sanarwa a ƙofar shiga gida kwanaki kafin ranar, su nemi afuwa tun da wuri, sannan su sassauta murya idan goma ta yi. Ku riƙa gayyatar 'yan'uwa ranar Asabar da rana, ku roƙe su su yi sallama a cikin ɗaki, don doguwar rakiyar da muke yi a matakala ita ce ta fi shiga kunnen maƙwabta. Idan maiɗakinka tana daka a turmi, ta shimfiɗa masa tawul a ƙasa. Ranar sallah kuma ku kai mata abinci ku faɗa mata abin da ke ciki, domin sukan tambaya.

Ɗalibi daga Leipzig:

Ina girmama shawarar iyayenmu, amma ina so yayana ya san cewa ba duk abin da maƙwabci ya rubuta ne doka ba. Babu dokar ƙasa da ta hana kunna injin wanki da rana a ranar Lahadi, sai dai a duba ko dokokin gidanku sun taƙaita shi. Haka kuma kotunan Jamus sun sha yanke hukunci cewa kukan jariri da wasan yara na yau da kullum abu ne da maƙwabta za su jure. Na faɗi haka ne saboda akwai 'yan'uwanmu da tsoron takarda ya sa suke takura wa 'ya'yansu fiye da kima a cikin gidan da suke biyan hayarsa.

Takarda ɗaya ba hujjar ƙiyayya ba ce, na yarda. Amma wariya tana nan, kuma idan ka gyara abin da ke naka, ƙorafin ya ci gaba, ko ka lura ana ƙyale wasu a kan abin da ake tsangwamarka, to ka adana takardun duka da kwanan watansu, ka shiga ƙungiyar masu haya ta garinku, wato Mieterverein, wadda take ba mambobinta shawarar shari'a bayan sun biya kuɗin shiga. Akwai kuma dokar hana wariya ta 2006 da ta shafi harkar haya.

Sabon Baƙo a Stuttgart:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba dokokin gidan, sun hana wanki ranar Lahadi ne a ɗakin wanki na ƙasa kawai, makon sharar kuma yana rubuce a allon sanarwa kusa da akwatunan wasiƙu. Gobe da yamma, in sha Allah, za mu sauka wurinta ni da maiɗakina. Hajiya, shin ya dace mu riƙe mata wani abu a wannan zuwan na farko, ko mu bari sai sallah?