An sayar da kamfaninmu, an ce mu sa hannu a sabuwar kwangila

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ina jan babbar mota a wani kamfani a Garwa, ƙasar Kamaru, ina ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare. Watan jiya aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi sun miƙo mana takarda da Faransanci: kwangilar wata 6, ko ambaton shekarunmu na baya babu.

Sau uku ina zuwa wurin mai kula da ma'aikata, kullum "a yi haƙuri". Ƙanena ya karanta mini sashe na 42 na dokar ƙwadago ta 1992: ko an sayar da kamfani, kwangilar ma'aikaci tana nan. Amma an ba mu wa'adin sa hannu zuwa Juma'a. Takardar har ta fara yagewa a aljihuna, barci ya ƙaurace mini.

In na sa hannu, haƙƙin shekaruna 9 ya salwanta ke nan?