Wai da gaske sai an kashe barewa ake samun almiski na asali?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, jiya na shiga kasuwa sayen farce da sandal sai mai shagon ya zaro min wata 'yar kwalba daga ƙasan kanta, abu baƙi mai kauri kamar zuma, wai almiskin barewa ne daga Indiya, ya ɗan shafa min a bayan hannu wlh har na yi alwalar magariba ƙamshin yana nan. Toh ƙanina da ya ji sai yace ai kashe barewar ake yi a cire kuma ta kusa ƙarewa. Abin ya tsaya min a rai, ga kwastomomi kullum orijinal suke tambaya.

Abu Hanif:
Wa alaikumussalam Hajiya, ƙaninki ya yi gaskiya. Wata 'yar ƙaramar barewa ce da ke tsaunukan Himalaya da Sin da Saibiriya, ba ta da ƙaho, namijin haƙora biyu ne suke zaro masa ƙasa. Shi kaɗai yake da jakar miskin kusa da cibiya, kuma abin da ke ciki duka duka kamar giram 25 ne, kinga kafin a tara kilo ɗaya an kashe maza wajen arba'in. Abin da ya fi min ciwo tarko mafarauta suke ɗanawa, shi ko tarko ina ruwansa da mace ko ɗa, sai su mutu a banza ba a samu komai a jikinsu ba. Shi yasa yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun dajin da ke cikin haɗari, ta shigo ciki, miskin barewar Indiya da Nepal da Pakistan an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A Sin tun 1958 suke kiwonta suna kwasar miskin tana raye, amma yawanci magani ake yi da shi.

Ummu Sultan:
Anti ki kwantar da hankalinki, na asali a da har zinariya ya fi tsada, wa zai shafa miki shi kyauta a kanta? Kusan duk miskin da muke saye, fari da baƙi, haɗin kamfani ne, tun 1888 wani Albert Baur ya gano yadda ake yi. Ni gaskiya nake faɗa wa masu sayen kayana, na haɗi ne, kuma babu wadda ta taɓa dawo min da kwalba.

Baba Ɗanjuma:
'Yata ba sai kin je Himalaya ba, nan gida muna da namu, tunkun juda. Ina yaro akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ya ajiye guda a keji, bayan 'yan kwanaki a danne shi a riƙe bindin a kankare jibda, wato miskinsa, da ɗan cokali yana ta gurnani, warin idan ɗanye ne ba ka iya tsayawa kusa, sai an tsarma yake zama ƙamshi. Har yau a Habasha ana wannan sana'ar, daga daji ake kamo su. Shi bai kai barewar can shiga haɗari ba, amma kurmin da ake kama su a wajenmu duk ya zama gona, rabona da ganin ko sawunsa na manta.

Maman Ilham:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na fasa saye, ko na gaske ne ko jabu. Ummu Sultan dan Allah wane farin miski kike sawa a humrarki wanda ba ya canza mata kala?